Daga Albarushi zuwa Harsashi: Tarihin Tara Makamai a Mafara, Bakura da Maradun

Ranar 3 ga Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka fasa ganuwar Kano suka shiga gari. Da suka buɗe taskar makaman gidan sarki, sai suka tarar da harsasai iri-iri da albarushi mai tarin yawa. Lugga ya rubuta a rahotonsa cewa an lalata harsashi kimanin 20,000 da bindigogi 350. An tara su ne domin irin wannan rana, amma ranar ta zo ta wuce suna jibge a ɗaki. Sarkin Kano Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa, kuma a kan hanyarsu ta komowa, cikin ƙasar Zamfara, labari ya riske su. Kafin watan ya ƙare an gwabza a Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya rasu tare da mahaya da dama.

Yau a Talata Mafara da Bakura da Maradun ba a rasa zancen bindiga a kowace majalisa: wa yake da ita, wa ya kamata ya riƙe ta, guda nawa aka miƙa wa hukuma. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne abincin bindigar. Bindigar da ba a ɗura mata komai ba, da ita da sanda duk ɗaya. Tarihin yadda ake samun abin ɗurawar, da yadda ake ajiye shi, da wanda ke iya sarrafa shi, ya fi tarihin bindigar kanta bayyana yadda yammacin Zamfara ya tsinci kansa a halin da yake ciki.

Sunayen da suka zo da baƙi

Kalmomin kansu sun nuna hanyar da kayan suka biyo. Bindiga daga Larabci take, haka ma albarushi. Harsashi kuwa ya samo asali daga sunan darma a Larabci, domin da darma ake zuba shi. A Barno, Mai Idris Aloma ya samu 'yan bindiga Turkawa masu koyar da harbi tun a ƙarshen ƙarni na 16. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka shigo da bindigogi daga ƙasar Nufe, kuma Babba Zaki, wanda ya hau a 1768, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Ke nan hanyoyi biyu ne: ta hamada daga Tarabulus, da ta kudu daga bakin teku, inda Turawan fatauci, ciki har da mutanen Denmak masu sansani a Ankara ta ƙasar Gana, suke sayar da doguwar bindigar nan mai ƙanƙara.

Wannan bindiga ita ce kakar wadda ake kira adaka, ko bindigar toka, ko harba-ka-ruga. Sunan ƙarshen nan ya faɗi gaskiyarta. Mai ita zai zuba albarushi ta baki, ya tura tsumma, ya sa darma ko guntayen ƙarfe, ya daddanna da sandar ƙarfe, sannan ya ɗana. In ya harba sau ɗaya, sai ya sake wannan aiki tun daga farko, abokin gaba kuwa ba zai tsaya jiransa ba. Kafin ya gama ɗuri na biyu, mai kwari da baka ya saki kibau da yawa.

Albarushin ma yana da nasa hali. Ana haɗa shi da gawayi da farar wuta da wani irin gishiri da ake tacewa daga ƙasa, kuma ba ya shiri da laima. In damina ta sauka, sai ya ja danshi ya dunƙule, ya ƙi kamawa ko ya kama a makare. In kuma aka tara shi da yawa a gari mai rufin ciyawa, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi unguwa. Saboda haka albarushi bai zama irin kayan da ake cika rumbu da su kamar gero ba. Maharbi yakan auni daidai abin da zai ishe shi fita ɗaya ko biyu, ya zuba a ƙaho ko 'yar gora, in ya ƙare ya koma wurin mai haɗawa. Mai haɗawar sananne ne, maƙerin da ya gyara bindigar sananne ne, Sarkin Baka kuma ya san kowane maharbi da dajin da yake shiga. Ba doka ce ta kafa wannan iyaka ba, yanayin kayan ne ya kafa ta.

Zamfara a zamanin baka da doki

Bayan Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari sun ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18 suka kafa Alƙalawa, Zamfarawa suka watsu zuwa garuruwa daban-daban, kowanne da ganuwarsa da sarkinsa. Cikin wannan ƙasa Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya yi shekaru yana wa'azi, har ya zauna a Faru, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Maradun. Riwayar da ta shahara ta ce Sarkin Gobir Yunfa ya taɓa ɗaga bindiga zai harbi Shehu a fadarsa, sai wutar ta komo kansa ta ƙone shi. Masu riwayar suna kallon abin a matsayin karama, amma ya kuma nuna yadda mutanen zamanin suka san bindiga: makami mai ban tsoro wanda ba a gama amince masa ba.

A Tafkin Kwatto, cikin Yunin 1804, 'yan baka ne suka karya dawakin Gobir. Har Alƙalawa ta faɗi a 1808, yaƙin na baka da takobi da mashi ne, sai lifidi da sulke ga masu hali. Kibiya ba ta buƙatar fatake daga Tarabulus. Maƙerin gari ne ke ƙera kanta, kyauro yana nan a fadama, dafi kuma daga tsiron daji ake dafa shi. Duk da haka shugabanni sun gane inda duniya ta dosa. Da Baturen nan Kilafatan ya iso Sakkwato a 1824, bindigogi da albarushi suna cikin abubuwan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya nuna yana so daga Ingila.

Tsawon ƙarni na 19 garuruwan da ke kan gulbin Sakkwato da kewayensa sun zauna a bakin daga. Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi suna kawo hari daga arewa, a cikin gida kuma biyayyar wasu garuruwan Zamfara ga Sakkwato takan yi ƙarfi ta yi rauni. Sarautun Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Ƙayan Maradun duk sun ratso wannan zamani. A 1891, shekarar da Abdurrahman ya zama Sarkin Musulmi, Mafara ta yi tawaye sai da aka kai mata yaƙi. A duk wannan lokaci bindiga kayan fada ce. Sarki ne ke da kuɗin sayenta, shi ke ajiye albarushi, kuma yawanci bayinsa yake damƙa wa ita, domin su ne ba ya tsoron su juya masa baya. Su ake kira 'yan bindiga. Sunan na ma'aikatan sarki ne, kuma har gobe jikokin wannan aiki suna cika gari da ƙara da hayaƙi ranar hawan Sallah. Sai a 'yan shekarun nan ne kalmar ta koma nufin mutanen da ke cikin daji.

Kwanson da ya sauya lissafi

A shekarun 1860 masana'antun Turai da Amurka suka kammala wata dabara da ta rushe tsohuwar iyakar. Suka haɗa albarushi da darma da ɗan abin da ke tayar da wutar cikin kwanson ƙarfe guda, rufaffe, wanda laima ba ta shigarsa. Ana sa shi ta gindin bindiga cikin ƙiftawar ido. Ingila ta ɗauki bindigar Martini-Henry a 1871, Faransa ta ɗauki Gras a 1874. A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya samar da albarushi marar hayaƙi, a shekarar kuma Hiram Maxim ya fito da bindigarsa mai aman harsashi ɗaruruwa a minti guda.

Abu biyu suka biyo baya, kuma har yau su ne ke aiki. Na farko, harsashi ya zama kayan ajiya. Ana iya tara shi, a ƙirga shi, a binne shi shekaru, a ɗauko ya tashi. Na biyu, ya fita daga hannun maƙerin gari. Maƙeri na iya zuba darma, yana iya haɗa baƙin albarushi, amma kwanson da ɗan abin tayar da wutar aikin masana'anta ne. Wanda ya riƙe hanyar shigowarsu, shi ya riƙe yaƙin.

Turawa sun fahimci haka. A yarjejeniyar Burasal ta 2 ga Yulin 1890 suka amince da hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani da harsashinsu, amma suka bar cinikin bindiga mai ƙanƙara da baƙin albarushi. Sun yi hakan da sunan yaƙi da cinikin bayi, sai dai sakamakonsa a fili yake: ɗan Afirka ya riƙe harba-ka-ruga, Bature ya riƙe Maxim.

Sarakunan da suka ga wannan tarko sun nemi mafita. A Damagaram, Sarki Tanimu ya sa ana haɗa albarushi ana zuba igwa a cikin birninsa, ya tara bindigogi masu yawa. Rabe, wanda ya ci Barno a 1893 ya zauna a Dikwa, ya gina ƙarfinsa a kan rundunar 'yan bindiga masu horo. Wanda ya fi kowa nisa shi ne Samori Ture a ƙasar Mande, wanda maƙeransa suka riƙa kwaikwayon bindigar Gras, mayaƙansa kuma suna tsince kwanson da aka harba a fagen fama domin a mayar a sake cika shi. A Amurka ta yau sake cika kwanso sha'awa ce ta masu harbin nishaɗi, har wasu kan tara fiye da abin da za su taɓa harbawa. Ga Samori kuwa, kowane kwanso da aka bari a ƙasa harbi ɗaya ne da aka rasa gobe. Duk da wannan tattali, Faransawa sun kama shi a 1898, Rabe kuma aka kashe shi a Kusuri a 1900.

Taskar Kano ta nuna ɗaya fuskar matsalar. Harsasai iri-iri ne aka tsinto daga kasuwanni daban-daban, kuma harsashin wata bindiga ba ya shiga wata. Tarawa ba ta maye gurbin horo da tsari ba. Ranar 15 ga Maris 1903 aka yi karon Giginya a Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya bi ta ƙasar Zamfara ya yi gabas, har ya yi shahada a Burmi ta gabas ranar 27 ga Yuli. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma gorar da aka fafe ba a iya sha da ita ba ma ba ta kashe ƙishi.

Dokar da ta raba bindiga gida uku

Mulkin mallaka ya ɗora a kan tsarin Burasal, Nijeriya kuma ta gaje shi. Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu take aiki, ta raba bindigogi kashi uku. Akwai na yaƙi, waɗanda ba mai riƙe su sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai irin su bindigar farauta mai baki biyu, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Sai masu ɗuri ta baki, waɗanda lasisinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta hana riƙe harsashi ga wanda ba shi da lasisin bindigar, ta kuma hana ƙera makami ko harsashi ba da izini ba. A 1964 gwamnati ta kafa masana'antar kayan yaƙi ta DICON a Kaduna domin sojoji da 'yan sanda. Shekaru da yawa lissafin ya tsaya haka: adaka ga manomi mai korar birai da gyado, harsashi ga hukuma.

Mutanen wannan yanki sun ga ma'anar wannan rabo da idonsu. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwan Bakolori a kan gulbin Sakkwato, ruwa ya cinye garuruwa da gonaki a ƙasar Maradun, aikin ban-ruwa kuma ya shafi filayen Mafara da Bakura. Manoman da suka ga diyya ba ta zo yadda aka alkawarta ba suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Hukuma ta ba da adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mazauna yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Darasin da ƙauye ya ɗauka shi ne cewa mai harsashi ne ke da maganar ƙarshe.

Da harsashi ya bar hannun hukuma

Abin da ya sauya a shekaru goma sha da suka wuce shi ne cewa hukuma ta daina zama ita kaɗai mai harsashi. Rikicin satar shanu da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da mutanen daji ya fara ne da adda da adaka, ya ƙare da AK-47 mai cin harsashi 30 a ɗuri guda. Cibiyar Conflict Armament Research, a rahotonta na Janairun 2020 kan makaman da aka kama a Zamfara da Kaduna da Katsina, ta bi sawun wasu zuwa rumbunan Libiya da na Kwaddibuwa, wasu zuwa bindigogin Turkiyya da aka shigo da su ta tashar jirgin ruwan Legas, wasu kuma zuwa rumbunan jami'an tsaron Nijeriya. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai makaman 'yan sanda 178,459 da ba a iya ba da bayaninsu ba, ciki har da AK-47 guda 88,078.

A 2021 ƙananan hukumomin nan uku kowace ta ɗanɗana. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe a Talata Mafara, aka sako 279 bayan kwana huɗu. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai 73 a Ƙaya ta Maradun. Gwamnati ta rufe kasuwannin mako, har da irin wadda Mafara ta samo sunan Talata daga gare ta, aka kuma katse layukan waya. Abin lura, gwamnoni uku daga cikin waɗanda suka mulki jihar tun 1999 'yan waɗannan garuruwa ne: Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Mafara, Bello Matawalle daga Maradun.

Matakan da aka gwada kusan duk bindiga suka ƙirga. An yi sulhu da karɓar makamai a 2016, aka sake yi a 2019. A 2020 Matawalle ya yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya miƙa AK-47. A Yunin 2022 gwamnatinsa ta shawarci jama'a su nemi lasisin bindiga, ta ce za a raba takardun neman izini 500 ga kowace masarauta cikin 19, Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Ranar 31 ga Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara su 2,645.

Amma bindiga da harsashi ba halinsu ɗaya ba. AK-47 guda tana iya shekara talatin tana aiki, kuma wanda ya miƙa ɗaya yana iya binne biyu. Harsashi kuwa ƙarewa yake yi. Kowane hari yana cinye shi, dole a sayo wani. Dabarar Samori ma ba ta da amfani sosai a nan, domin yawancin harsashin AK kwansonsa na baƙin ƙarfe ne da ba a yi shi don a sake cikawa ba, albarushinsa kuma ba irin wanda ake haɗawa a ƙauye ba ne. Ke nan kowane harsashi da ya tashi a dajin Maradun ya fito daga wata masana'anta, da lamba a gindinsa, ya bi ta hannun wani mai taska, da wani direba, da wani shingen bincike. Kuɗin fansa da harajin da ake ɗora wa manoma kafin su yi girbi, wani kasonsu a nan yake ƙarewa. Shi ya sa mai bindiga a daji yake tara fiye da abin da zai harba: bai san ranar da hanya za ta toshe ba, tarin kuma shi ne ke sa ƙauye ya biya ba tare da an harba ko ɗaya ba.

Wannan ne ya sa kiran a raba wa jama'a bindiga bai taɓa warware lissafin ba. In adaka aka ba ɗan sa-kai, an tura mai harbi ɗaya ya tari mai harbi talatin. In kuma ta zamani aka ba shi, an buɗe sabuwar kasuwar harsashi a garin da ba mai rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta ambaci harsashi a cikin sunanta, ta kuma nemi a riƙa yi masa alama da rajista. A 2021 Nijeriya ta kafa cibiyar ƙasa ta kula da ƙananan makamai. Aikin da ya rage ba na fagen daga ba ne, na littafi da alƙalami ne: a san harsashi nawa aka ba kowace runduna, nawa ta harba, nawa ta dawo da shi, kuma kwanson da aka tsinta bayan hari a karanta lambarsa a bi sawunsa maimakon a bar yara su yi wasa da shi.

A da, Sarkin Baka ya san ƙahon albarushin kowane maharbi a ƙasarsa, laima kuma tana lalata abin da ya wuce buƙata. Laima ba ta cin harsashin zamani, don haka aikin da damina take yi kyauta ya koma wuyan hukuma. Muddin ba a ƙirga abin da ke fita daga taskoki da abin da ke ƙetaro iyaka ba, manomin Bakura zai ci gaba da sayar da buhun shinkafarsa ya biya kuɗin harsashin da aka tanada dominsa.